Jinin Maliki da Askar Tibiri

Marin farko Tsahara ba ta ma ga tahowarsa ba. Tana sunkuye a kan keken ɗinkinta da hantsin Alhamis, sai kawai ta ji kunnenta na hagu ya ɗauki ƙara, ta kifa kan tabarma, zare da almakashi suka watse.

"Tashi, munafuka!"

Yayanta Gado ne. Gado kuwa duk Maraɗi an san shi, shi ke tsaye kan 'yan dakon gyaɗar ubansu Alhaji Barmo, ƙaton da ke ɗaga buhu da hannu guda don kawai ya ba leburori kunya. Ya fizge aljihun keken ya zazzage a ƙasa. Kwalabe biyu suka gangaro, guda mai fararen ƙwayoyi, guda mai jajaye.

"Mi ne ne wannan? Ba ki ji ina magana?"

"Yaya Gado, don Allah ba ni. Magani ne."

"Na san magani ne! Na mi?"

Bai jira amsa ba. Ya damƙi hannunta ya jawo ta kiii har tsakar gida, inda Alhaji ke zaune kan buzu yana jan carbi, Inna tana bakin madafa tana kuka da haɓar zane a baki. Can gefen zaure kuma ga Sha'ibu tsaye, ya sunkuyar da kai wai shi mai kunya. Sha'ibun nan ɗan ƙanen Alhaji ne, mai fataucin atamfa zuwa Kano. Tun da Tsahara ta fita takabar mijinta shekara uku da suka wuce yake nemanta, tana ce masa a'a. Kallo ɗaya ta yi masa ta san daga inda gobarar ta tashi.

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro.

"Tsahara, uwarki ta ce ta ga cikinki jiya kina ɗaura zane. Sha'ibu ya ce ya bi ki Alhamis uku a jere. Ba kai ɗinki Sabon Gari kike ba, bayan gidan likita kike zuwa, ƙarƙashin itacen bedi, wajen tsinannen mai lambun nan na Jiratawa da na kori iyayenai daga zaurena ranar da suka zo neman aurenki. Ya ce da idonai ya ga yana ba ki ƙwaya kina haɗiya." Ya aje carbin. "Wata nawa?"

Wayyo Allah, Tsahara! Da gaskiyar na da sauƙin faɗa ai da tuni ta faɗe ta.

Gaskiyar ita ce, shekara biyu ke nan, tun kafin Jamhuriya ta cika shekara takwas, da lokotoro, wato likita, ya ɗebi jininta ya duba, ya sa Majo Ilyasu, babban mai jinyar wurin, ya fassara mata. Lesemi sunan ciwon, sankarar jini ce mai tafiya a hankali. Ita ta kumbura mata saifa har ta sauko ta cika cikinta ta gefen hagu, da tauri kamar ƙwarya. Farar ƙwayar ita ce ke danne ciwon, amma tana tsinka jini, ko ƙaya ta soke ka sai ka daɗe kana ɗiga. Ja kuwa bitamin ce kawai. Majo ya ce ba ta warkar da kowa, tana dai buɗe baki a ci tuwo, ta riƙe ƙafa kar ta lanƙwashe.

Masu irin ciwon su bakwai ne a da, kuma ba wanda ya haɗa su sai zaman jiran layi. Kowace Alhamis suna haɗuwa ƙarƙashin bedin nan. Bitamin ba kullum ake samunta ba, don haka duk wanda ya samu kwalba, daga Kano ko daga Yamai, sai ya juye ta cikin gwangwani guda. Maliki, mai lambun nan na Jiratawa, da yake ya yi lekol, makarantar boko, har aji shida kafin ya koma lambun ubansa, shi ke karanta rubutun jikin kwalba ya raba wa kowa nasa. Yakan zo musu da zogale da karas a bayan keke. In ɗaya bai zo ba, biyu su tafi har gidansa. A nan Tsahara ta sake koyon dariya, a nan kuma ta so Maliki, siririn mutum mai sanyin magana wanda bai taɓa kallonta kamar abar tausayi ba.

Yanzu su shida ne. Ta bakwai ɗin Indo ce, 'yar Tibiri. Danginta sun ji an ce saifa, suka kira wanzamin garin Ɗan'auta ya tsaga mata ciki ya kafa ƙaho, wai a fitar da mugun jini kamar yadda ake yi wa kowa. An tsaga da hantsi. Kafin la'asar Indo ta tsiyaye, ta cika a kan cinyar Iya Atika, tsohuwa mai daddawa wadda ita ma 'yar ƙarƙashin bedin ce. Tun ranar suka yi rantsuwa su shida: kalmar saifa ba za ta fita bakin kowa a gida ba.

To, gidan Alhaji Barmo kuwa ko ciwon kai aka yi Ɗan'auta ake aikawa a ɗauko.

"Tambayarki nike," in ji Alhaji. "Wata nawa?"

"Baba, na rantse da wanda raina ke hannunai, ba ni da ciki. Maliki ko yatsana bai taɓa riƙewa ba."

"To mi ne ne a jikinki?"

Ta tuna rantsuwarsu. Hawaye na zuba, amma ta ƙi faɗa.

Shirun nan shi ya ƙarasa Gado. Ya ɗaga kwalaben biyu ya rotsa su da ƙasa, ya bi ƙwayoyin da takalmi yana murjewa.

"Maganin zubar da shege a gidanmu! Baba, bar ta. Yau Alhamis, na san inda zan same shi."

"Yaya Gado! Kar ka taɓa shi! Wallahi in ka taɓa shi mutuwa zai yi!"

"Haka nike so."

Ta rungume ƙafarsa, ya yi cilli da ita ta bugu da turmi. Kafin ta miƙe tuni shi da Sha'ibu sun fice, ta ji tashin motar Sha'ibu a ƙofar gida. Inna ta kama zanenta tana cewa, "Ina za ki? Ba ki gaji da ja mana abin kunya ba?" Tsahara ta fizge. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Ta keta unguwa da gudu, mayafi a hannu, mata na leƙowa ta katanga. Saifar na tokarinta kamar an cusa mata dutse a ƙarƙashin haƙarƙari, ta danne da tafin hannu ta ci gaba. Tun kafin ta sha kwanar gidan likita ta fara jin ihu.

Ta makara.

Keken Maliki na kwance, zogale ya watse, gwangwanin bitamin ya kife jajayen ƙwayoyi sun bazu cikin rairayi. Gado ya shaƙe wuyan rigar Maliki ya ɗaga shi ya haɗa da gindin bedin, yana kai masa naushi a fuska. Ɗaya. Biyu. Maliki ko hannu bai ɗaga don ya rama ba, duka hannayensa biyu suna kan cikinsa ta hagu yana karewa.

"Ɗiyar Alhaji Barmo! Kai, mai ban ruwan albasa! Gawa mai yawo!"

Ya sake shi ya zube. Sha'ibu, wanda duk rayuwarsa bai taɓa dukan wanda ke tsaye ba, sai ga shi ya matso ya ɗaga ƙafa zai shure shi a ciki.

Abin da ya faru nan, har yau waɗanda suka gani suna ba da labarinsa. Iya Atika, tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka, ta faɗa kan Maliki ta rufe cikinsa da jikinta. Shurin ya same ta a baya, ta yi ƙara amma ba ta ɗaga ba. Baba Alkasim, tsohon soja wanda shi ma cikinsu yake, ya kwanta a kanta. Sauran biyun suka durƙusa suka rufe kan Maliki. Majinyata huɗu ramammu, kowanne ya san shuri ɗaya na iya fasa masa tasa saifar, suka yi masa rumfa da jikinsu.

"Ku tashi ko in haɗa da ku!" in ji Gado, ya zaro ƙotar fartanya daga kayan keken.

"Haɗa, ɗan nan," in ji Baba Alkasim daga ƙasa. "Mu an riga an yanke mana hukunci. Kai ne za ka kwana da shi."

Tsahara ta iso ta tsaya gaban yayanta, ta buɗe hannuwa.

"Fara da ni."

Ƙotar tana sama. Ta ga jijiyar wuyansa na harbawa, ta ga kuma idonsa ya sauka kan hannunta, daidai inda ya damƙe ta ɗazu. Shatin yatsunsa biyar ya fito baƙi ƙirin, ya kumbura har gwiwar hannu, kamar an yi kwana uku ana dukanta. Ya tsaya yana kallo. A nan Majo Ilyasu da masu gadi suka iso suka rirriƙe shi.

Da aka ɗaga Maliki, hankalin kowa ya tashi. Raunin ba wani babba ba ne, gira ce ta tsage, hanci ya fashe, leɓe ya dare. Lafiyayyen mutum sai ya wanke da ruwa ya hau kekensa. Amma jinin Maliki zuba yake kamar an huda salka. Ya jiƙa riga, ya jiƙa zanen Iya Atika, ya bi su ɗis-ɗis har cikin ɗakin da aka kwantar da shi.

Aka cusa auduga, ta jiƙe. Aka ɗinke girar, jini ya dinga fitowa ta ramin allurar. Har azahar ta gota abu ya ƙi. Leɓunansa suka yi fari fat.

Majo ya fito baranda yana goge hannu.

"Sai an ƙara mai jini, kuma yanzu-yanzu. Kwalba uku aƙalla. Ina danginai?"

"Uwa tai tsohuwa ce," in ji Iya Atika, "wansa kuma yana Kano cin rani. Ga mu nan, mu ne danginai."

Ta zare hannun rigarta ta miƙa. Baba Alkasim ya miƙa nasa. Duk suka miƙa, har da Tsahara, hannuwa biyar kamar sillen kara.

Majo ya kawar da kai.

"Iya, kun san jininku bai yi. Ku yi haƙuri."

Tsahara ta juya ga 'yan kallo, ga su nan cike da baranda, majiya ƙarfi. Ta roƙe su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa wa wasu. Kowa ya ja da baya. Wani ya ce in an ɗebi jinin namiji ya gama aure ke nan. Wani ya ce shi azumi yake. Kai, mutane! Ɗazu da ake dukan bawan Allah ba wanda ya tuna yana azumi.

Ana cikin haka Alhaji Barmo ya iso, babbar riga na jan ƙasa, bayansa 'yan dakonsa sun fi goma, an gaya masa wai an kama Gado. Tsahara ta dube su. Ƙarti fiye da goma, da Gado da Sha'ibu. Kalma ɗaya daga bakin ubanta, duk sai su miƙa hannu ko suna so ko ba su so.

Ta dubi Iya Atika. Tsohuwar ta gane, ta girgiza kai da ƙarfi, "A'a, ɗiyata. A'a. Ki tuna Indo."

Ta tuna. Amma ta tafi ta durƙusa gaban ubanta a bainar jama'a.

"Baba, ka ce su ba shi jini."

"In ba wanda ya lalata min ɗiya jini? Tashi mu tahi gida."

Ta kamo hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya, ta ɗora a cikinta ta gefen hagu ta danna.

"Taɓa, Baba. Ka haifi 'ya'ya goma sha ɗaya. Haka ciki yake? A gehe guda? Da tauri haka?"

Hannun Alhaji ya tsaya cak. Ya bi gefen abin da yatsa, a hankali, daga haƙarƙari har ƙasan cibiya. Ta ga fuskarsa ta sauya.

"Saifa," ya ce.

"Saifa ce, Baba. Ciwona da na Maliki guda ne, shekara biyu ke nan. Ƙwayar da Yaya ya murje ita ke riƙe da ni. Mutumin nan da ke kwance shi ke tabbatar na sha, shi ke kawo min ganye in ci. Ranar da na ce na gaji zan daina, shi ya zauna da ni tun hantsi har la'asar yana ba ni baki. Ba abin da ya yi min sai alheri, ga shi an saka mai."

Inna lillahi! Gado ya zame jikin bango ya zauna daɓas, ya ɗora hannu a ka. Sha'ibu kuwa ya shiga duban ƙasa kamar ya yar da allura.

Alhaji Barmo, mutumin da ko ranar da gobara ta cinye masa rumbun gyaɗa ba a ga hawayensa ba, sai ga shi gemu ya jiƙe.

"Shekara biyu, Tsahara? Shekara biyu kina ɗauke da wannan a cikin gidana, ina cin tuwo ina ƙoshi? Mi na yi miki da za ki ɓoye min?"

"Tsoro nike ji, Baba."

"Tsoron mi? Saifa ce fa! Saifa har wani abu ce?"

Ya yaye babbar rigarsa, ya ɗaga 'yar ciki, nan gaban kowa. A cikinsa ta hagu ga tsofaffin tabo nan a jere, gajeru-gajeru, sun fi ashirin.

"Duba nan. Ina shekara bakwai tawa ta kumbura har ban iya sunkuyawa. Uban Ɗan'auta ya tsaga min, ya kafa ƙaho, baƙin jini ya fita. Yau shekara hamsin ko ciwon ciki ban sake yi ba."

Majo Ilyasu ya matso da sauri.

"Alhaji, ka yi min aikin gafara. Taka ta zazzaɓi ce, wannan daban take. In aska ta taɓa ɗiyarka, abin da ke faruwa da yaron nan a ciki shi zai faru da ita."

"Kai, rufe min baki! Shekara biyu kuna ɗura mata ƙwaya a ɓoye, ta warke? Ƙara girma abin ya yi!"

Iya Atika ta rarrafo ta kama gefen rigarsa.

"Alhaji, ni 'yar Tibiri ce. Indo a kan cinyata ta cika, askar Ɗan'auta ce. Don girman Allah, ka ji ni."

"Kwananta ne ya ƙare, baiwar Allah. Sake min riga."

Ba mugunta ba ce a idonsa, shi ya sa abin ya fi ciwo. So ne tsantsa, irin na uban da ya ga ɗiyarsa cikin rijiya, ya kuma tabbata igiya tana hannunsa.

Daga cikin ɗakin wata mai jinya ta leƙo ta ce, "Majo, numfashinai na yin sama."

Tsahara ta sake faɗuwa kan ƙafafun ubanta.

"Baba, jinin! Duk abin da za a yi a yi daga baya!"

"Ba daga baya ba. Yanzu." Ya sunkuyo ya tallabo haɓarta. "Na zalunci yaron nan, na sani, kuma zan biya. Gado zai ba da jini, da duk waɗannan, har ni in nawa zai yi. In ya tashi, ya turo iyayenai, na ba shi ke. Amma na san ki, in na bari yau, gobe mutanen nan za su ɓoye min ke. Ki rantse min nan gaban jama'a, gobe da hantsi za ki kwanta Ɗan'auta ya yi aikinai. In kin ƙi, wallahi tallahi ba mai miƙa hannu, don ba zan ceci ɗan wani in bar tawa tana ruɓewa ba."

Baba Alkasim ya ce, "Tsahara, kar ki yarda. Shi kanai Maliki ba zai yahe miki ba."

Ta san haka. Ta san kuma in ta rantse ba za ta iya warwarewa ba, ita ɗiyar Barmo ce. Ta leƙa ta ƙofar, ta hango ƙafafun Maliki a ƙarshen gado, da busasshen taɓon fadamar Jiratawa a tsakanin yatsunsa. Da asuba ya yi ban ruwa kafin ya tsinko musu zogalen nan.

"Na rantse, Baba."

Iya Atika ta ɗora hannu a ka ta rushe da kuka.

Gado ne ya fara shiga, yana naɗe hannun riga, bai iya haɗa ido da kowa ba. Aka gwada, nasa ya dace, da na wasu biyu. Kafin la'asar sakaliya jinin da ya yi dukan yana gangarawa ta siririn tiyo zuwa jikin wanda aka daka.

Tsahara na zaune bakin gadon. Iya Atika ta shigo da gwangwanin nan, ashe su huɗun komawa suka yi ƙarƙashin bedi suka tsince ƙwayoyin ɗaya-ɗaya daga cikin rairayi. Ta busa guda ta goge da zane, ta sa mata a tafin hannu. Tsahara ta haɗiye.

Can Maliki ya buɗe ido da ƙyar, ɗayan ya kumbure ya rufe. Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane ta.

"Tsahara... ba su taɓa ki ba?"

"Lahiyata lau. Yi shiru."

"Ba ki dai faɗa musu ba ko?"

Ta gyara masa mayafin da aka lulluɓe shi da shi, ta ce, "Baba ya ce in ka tashi ka turo iyayenka."

Ya yi ƙoƙarin murmushi da fasasshen leɓe.

"Alhamdu lillahi. To Alhamis mai zuwa ke za ki yi rabon, ni ba zan iya hawa keke ba. Ki zo da wuri, kin san Baba Alkasim bai son jira."

"To," ta ce.

Ta taga ta ji muryar ubanta yana cewa Sha'ibu ya yi sauri kafin rana ta faɗi, ya gaya wa Ɗan'auta ya wasa aska ya zo da ƙaho babba. Motar ta tashi, ta juya, ta ɗauki hanyar Tibiri.